Lissafin ruwan da ido ba ya gani: ina za a horar da masanan ruwan ƙarƙashin ƙasa?

A watan Nuwamban 2024 asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund ya sanar da cewa daga 1 ga Janairun 2025 ya dakatar da ɗaukar nauyin malaman jami'o'i da kwalejoji zuwa ƙaro karatu a ƙasashen waje. Dalilai biyu ya bayar: tsadar kuɗin waje bayan faɗuwar naira, da yawan waɗanda ake turawa su ƙi dawowa. Waɗanda suka riga suka tafi za a ci gaba da biya musu har su kammala. Tun daga nan ake ta ja-in-ja a harabar jami'o'i, wasu na cewa an yi daidai, wasu na cewa an rufe wa matasan malamai ƙofa. Sai dai ana yin gardamar a dunƙule, kamar buƙatar mai nazarin adabi da ta mai nazarin ƙwayoyin cuta duk ɗaya ce.

Abin ya fi fitowa fili idan aka ɗauki fanni guda aka bi shi daga tushe. Fannin da za a duba a nan shi ne lissafin tafiyar ruwan ƙarƙashin ƙasa da gubar da ke bin sa, ta hanyar kwamfuta. Mutane kaɗan ne suka taɓa jin sunansa. Amma duk wanda ya tare mai garuwa da safe ya sayi jarka biyu a Kano ko Gusau ko Maraɗi, ruwan da wannan fanni ke nazari ya saya.

## Ruwan ƙasa ba kogi ba ne

Da yawa sun ɗauka akwai koguna a ƙarƙashin ƙasa, mai haƙa idan ya yi sa'a sai ya faɗa kan ɗaya. A mafi yawan wurare ba haka ba ne. Ruwan yana zaune ne a 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin yashi da tsakuwa, ko cikin tsagar dutse, kamar yadda yake zama cikin soso. Wanda ya taɓa tona yashin rafi da rani, ya zauna yana jiran ruwa ya tsattsafo a gindin ramin kafin ya sa ƙwarya ya ɗiba, ya ga abin da idonsa. Shimfiɗar ƙasar da ke riƙe ruwa, kuma take sakinsa idan an haƙa, ita za mu kira ma'ajiyar ruwa. Yumɓu na riƙe ruwa amma ba ya saki, don haka aikinsa a ƙasa aikin murfi ne ko katanga.

Ƙasashenmu ba iri ɗaya ba ne ta wannan fuska. Kano da Zariya da Kaduna suna kan tsohon dutse, ruwansu yana cikin ruɓaɓɓen saman dutsen ne da tsagogin da ke ƙarƙashinsa. Shi ya sa za a yi wa wani rijiyar burtsatse ta ba da ruwa, maƙwabcinsa ya kira injin nan dai, a sauka zurfi ɗaya, ƙura kawai ta fito. Maiduguri kuwa tana kan kwarin Chadi, inda yashi da yumɓu suka jeru hawa-hawa, har masana suka raba ma'ajiyar gida uku: ta sama, ta tsakiya, ta ƙasa. Ta tsakiyar tana danne ƙarƙashin yumɓu mai kauri, shi ya sa rijiyoyin da aka haƙa a arewacin Borno wajen shekarun 1960 suka riƙa feso ruwa da kansu ba famfo. Ruwan nan ya shiga ƙasa tun dubban shekaru, lokacin da yankin ya fi yanzu damshi, kuma ƙarfin fesowarsa ya ragu sosai. Sakkwato da Birnin Kebbi da Dosso da Tawa suna kan wani babban kwarin da ake kira Iullemmeden, wanda Nijar da Najeriya da Mali suke tarayya a kansa.

Abu na ƙarshe da za a riƙe shi ne jinkiri. Ruwan kogi na cin kilomitoci a wuni, na ƙasa kuwa sau da yawa 'yan santimitoci yake yi. A ce yana tafiyar santimita 10 a rana: mita 36 ke nan a shekara, kuma sai ya yi kusan shekara 27 kafin ya ci kilomita guda. Gubar da aka zubar yau tana iya isa rijiyar wani bayan masana'antar da ta zubar ta daɗe da rufewa.

## Daga bututun yashi zuwa kwamfuta

A 1856 wani injiniyan Faransa, Henry Darcy, da ke aikin samar wa garin Dijon ruwa, ya cika bututu da yashi ya riƙa tura ruwa yana aunawa. Ya gano ƙa'ida mai sauƙi: yawan ruwan da ke wucewa ya dogara ne da gangaren matsin ruwan da kuma yadda yashin ke barin ruwa ya ratsa. A 1935 Charles Theis na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, ya aro lissafin yadda zafi ke ratsa ƙarfe ya nuna yadda matakin ruwa ke sauka a kewayen rijiya idan ana zuƙa. Har yau da lissafinsa ake fassara gwajin zuƙo, wato a kunna famfo na sa'o'i ko kwanaki ana auna yadda ruwan ke ja da baya.

Waɗannan lissafe-lissafe suna aiki ne idan ƙasar shimfiɗa ɗaya ce sumul, abin da ba kasafai ake samu ba. Kwamfuta ce ta buɗe hanya. A 1984 Michael McDonald da Arlen Harbaugh, su ma na USGS, suka fitar da manhajar MODFLOW, wadda har yau ita aka fi amfani da ita a duniya, kuma kyauta ake sauke ta.

Yadda ake aikin shi ne a yanka yankin da ake nazari gida-gida kamar gurabun dara, a kuma yanka shi hawa-hawa zuwa ƙasa. Kowane gurbi a ba shi lambobinsa: yadda yake barin ruwa ya wuce, yawan da yake iya riƙewa, abin da ke shigo masa daga ruwan sama, abin da famfuna ke zuƙa daga cikinsa. A faɗa wa kwamfuta inda kogi yake da inda dutse ya toshe. Ita kuma ta yi wa kowane gurbi lissafin shige da fice, dubban gurabu a lokaci guda, ta fitar da matakin ruwa a ko'ina. Wannan kwaikwayon ƙasa da aka gina da lambobi shi ake kira samfuri.

Daga nan sai saiti. Mai aikin zai kwatanta abin da samfurin ya fitar da abin da aka auna a rijiyoyi na gaske, ya riƙa gyara lambobi har su zo kusa. A nan wata matsala take wadda duk ɗan fannin ya sani: idan ka ninka ruwan da ke shiga ƙasa sau biyu, ka kuma ninka yadda ƙasar ke barin sa ya wuce sau biyu, matakin ruwan da samfurin zai nuna ba zai canza ba. Samfura biyu ke nan, kowanne ya dace da awo, amma ɗaya na cewa gari na da ninkin ruwan da ɗayan ke cewa. Ƙarin awo daga fili ne kawai ke raba su.

## Kowace guba da tafiyarta

Lissafin guba ya fi na ruwan wuya. Tana bin ruwa, amma tana bazuwa a hanya kamar hayaƙi, wata na maƙalewa jikin ƙasa, wata na ruɓewa ko rikiɗewa. Gishiri da sinadarin naitiret da ke fitowa daga masai da takin zamani suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da ruwan. Fetur na yawo a samansa. Wasu sinadaran wanke maiƙo sun fi ruwa nauyi, sai su nutse su kwanta kan yumɓu suna sakin guba a hankali na gomman shekaru. Kuromiyam da masana'antun jima irin na Challawa da Sharaɗa ke amfani da shi kama biyu gare shi: wanda ake jima da shi ya fi zama inda aka zuba shi, amma idan ya rikiɗe zuwa kama ta biyu sai ya fi guba, ya kuma fi tafiya.

Dalma kuwa ƙasa take kamawa. A annobar Zamfara ta 2010, wadda ta kashe aƙalla yara 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ƙurar niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje ce babbar hanyar gubar, shi ya sa aikin tsaftacewa ya fi karkata ga kwashe saman ƙasa. A Ogoni da ke yankin Neja Delta lamarin ya sha bamban. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a saman ruwan ƙasa a Nisisioken Ogale, da sinadarin benzin a rijiyoyin sha fiye da ninki 900 na ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Rahoton ya ce gyara zai ci shekara 25 zuwa 30. Wani lokacin ma ba wanda ya zuba komai: a Tibiri kusa da Maraɗi, fuloraid ɗin da ke cikin ƙasar kanta ya shiga ruwan rijiyar burtsatsen garin, ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara kafin a farga.

Misali mafi kusa da kowa shi ne masai da rijiya a gida ɗaya. Ƙungiyoyin agaji kan ce a bar aƙalla mita 30 tsakaninsu. Ainihin abin da ake nema lokaci ne: ruwan ya daɗe a hanya har ƙwayoyin cuta su mutu kafin ya iso. A ƙasa mai laushin yashi mita 30 na iya wadatarwa. A tsagaggen dutse ruwa na iya cin wannan tazara cikin kwanaki kaɗan. Kuma a cikin birni, inda fili ƙafa 50 ne, mita 30 daga masanka yana nufin gindin masan maƙwabci.

## Hanyar zama gwani

Mai son wannan fanni a jami'a yakan fara da digiri a ilimin duwatsu da ƙasa, ko injiniyancin gine-gine ko na albarkatun ruwa, wani lokacin lissafi ko fiziks. Sai bautar ƙasa, sai digiri na biyu a ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa, sai na uku. Ko ba yajin aiki, shekara 10 zuwa 12 ke nan daga shiga jami'a. A Turai da Amurka akan ƙara shekara biyu zuwa huɗu na bincike a ƙarƙashin wani farfesa kafin a samu kujera. A Najeriya yawanci mutum na koyarwa ne yana karatun, kuma ba ya kai matsayin babban lakcara sai da digiri na uku.

Wahalar fannin ita ce sana'a huɗu yake nema a jikin mutum ɗaya. Dole ya iya tsayawa bakin injin haƙa, ya damƙi abin da ke fitowa ya murza a yatsa ya ce wannan yumɓu ne mai yashi, an kai mita kaza. Dole ya san lissafi mai zurfi. Dole ya iya rubuta umarnin kwamfuta, a yau galibi da Python. Dole ya san kimiyyar sinadarai. Wanda ya iya danna manhaja kawai zai fitar da taswira mai launi mai kyau, ba tare da ya san ƙarya take faɗa ba.

Rayuwar Chunmiao Zheng ta nuna yadda hanyar kan kasance. Daga China ya je Jami'ar Wisconsin a Amurka ya yi digiri na uku, ya yi aiki da kamfanin ba da shawara kan ruwa, a 1990 ya fitar da MT3D, manhajar da ke hawa kan MODFLOW ta lissafa tafiyar guba. Ya shafe shekaru yana koyarwa a Jami'ar Alabama, daga baya ya koma China ya kafa cibiyoyin bincike a Beijing da Shenzhen. Masu goyon bayan karatun waje da masu sukarsa duk za su iya kafa hujja da shi: ya tafi ya daɗe, kuma ya koma lokacin da ƙasarsa ta zuba kuɗi a bincike.

A gida akwai wani abin da ke karkatar da matashin malami, wato tsarin ƙarin girma. Ana ƙirga yawan maƙalun da ya wallafa ne. Ɗebo ruwan rijiyoyi 20, a gwada, a kwatanta da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, aikin 'yan watanni ne kuma maƙala ce guda. Awon ƙasa da na'urar lantarki don nuna wa mai gida inda zai haƙa, shi ma maƙala ne, ga kuɗin cefane a kai. Gina samfurin da za a iya dogara da shi kuwa na iya cin shekara uku ya haifar da maƙala biyu. Waɗancan ayyuka suna da amfaninsu, amma hoton rana ɗaya suke ɗauka. Ba su faɗin inda gubar ta fito, ko inda za ta kai nan da shekara 10. Idan aka haɗa da albashin da bai kai na kamfanonin mai da ma'adinai da ƙungiyoyin agaji ba, da yajin aiki irin na wata takwas a 2022, ba abin mamaki ba ne waɗanda suka iya aikin su zama su ne suka fi saurin barin jami'a.

## Shin a yarda da abin da kwamfuta ta faɗa?

Masanan da kansu sun daɗe suna wannan gardama, kuma a kotu ta fi zafi. A garin Woburn na jihar Massachusetts a Amurka an rufe rijiyoyin gari biyu a 1979 bayan an samu sinadarin wanke maiƙo a cikinsu. Iyalai takwas da sankarar jini ta kama 'ya'yansu ko danginsu suka kai ƙarar kamfanoni biyu, W.R. Grace da Beatrice Foods, wanda ya mallaki wata majema a tsallaken kogi. A shari'ar 1986 kowane ɓangare ya kawo masaninsa. George Pinder na Jami'ar Princeton ya ce gubar ta isa rijiyoyin tun da wuri. Masanin Grace, John Guswa, ya kawo samfurin da ya nuna ba ta isa ba kafin a rufe su. Aka bar masu taya alƙali yanke hukunci, mutanen da ba su taɓa karanta wannan ilimi ba, su zaɓa. Suka wanke Beatrice, suka ɗora wa Grace alhaki, daga baya aka sasanta a kan kusan dala miliyan 8.

A 1992 Leonard Konikow da John Bredehoeft, manyan masana biyu na USGS, suka rubuta cewa ba yadda za a tabbatar samfurin ruwan ƙasa gaskiya ne. Iyaka a gwada shi a kama kuskurensa. Da aka koma aka duba tsofaffin hasashe bayan shekaru, da yawa sun kauce, sau da yawa domin mutane ba su zuƙi ruwan yadda aka zata ba. Gwajin da aka yi a wani sansanin sojan sama a Mississippi, inda aka zuba sinadari da gangan aka bi sawunsa ta ɗaruruwan rijiyoyin awo, ya nuna yawancinsa ya tsaya kusa, kaɗan kuma ya yi nisa ta siraran hanyoyi cikin tsakuwa, saɓanin abin da lissafin da aka saba ya ce.

Ɗaya ɓangaren na cewa duk wannan gaskiya ne, amma me za a sa a madadinsa? A sansanin sojan ruwa na Camp Lejeune da ke Carolina ta Arewa, mutane sun sha gurɓataccen ruwa na gomman shekaru kafin a fara awo a farkon shekarun 1980. Ba mai iya komawa 1960 ya ɗebo ruwa. Samfuri aka gina, da MODFLOW da magajin MT3D, ya ƙiyasta cewa a unguwar Tarawa Terrace gubar ta haura ƙa'ida daga ƙarshen 1957 zuwa farkon 1987. Wani kwamitin masana ya soki aikin a 2009 cewa bayanan ba su kai a yi irin wannan ƙididdiga ta wata-wata ba. Duk da haka dokar da Amurka ta yi a 2022 ta ba wanda ya zauna a sansanin aƙalla kwana 30 tsakanin 1953 da 1987 damar neman diyya.

Inda ɓangarorin biyu suka haɗu shi ne: samfuri ba duba ba ne. Hanya ce ta tattara duk abin da aka sani wuri ɗaya, a ga ko ya yi daidai da juna, a kuma ga inda ya kamata a haƙa rijiyar awo ta gaba. Masanin kirki ba zai ce gubar za ta iso a shekara 12 ba, zai ce tsakanin 8 da 20, ya faɗi abin da zai rage wannan tazara.

## Abin da rijiyoyin Yamai suka nuna

A kudu maso yammacin Nijar, gabas da Yamai, ruwan sama ya ragu ƙwarai a shekarun farin 1970 da 1980. Kowa zai ce ruwan rijiya ma ya ja baya. Da masu bincike na cibiyar IRD ta Faransa da abokan aikinsu na Nijar suka tattara awon rijiyoyi na shekara da shekaru, sai suka ga akasin haka: matakin ruwan ya hau da kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007. Dalilin shi ne sare daji don noman gero. Ƙasar da aka tsiraita ta yi ɓawo, ruwan sama ya daina shiga inda ya sauka, ya riƙa gangarawa yana taruwa a tafkuna, kuma ta gindin tafkunan nan yake nutsawa zuwa ma'ajiya.

Da an ba ƙwararre kwamfuta mafi ƙarfi ba tare da wannan awo ba, da ya sa mata ƙarancin ruwan sama ta ba shi amsar da ba daidai ba. Abin da ya kama gaskiyar shi ne mutanen da suka riƙa zura igiyar awo a rijiyoyin ƙauye suna rubutawa a littafi. Kuma ba a ɗaukar darasin wuri ɗaya a kai wani: a fadamar Haɗejiya da Nguru, madatsun Tiga na 1974 da Challawa na 1992 sun rage ambaliyar da ke shayar da ƙasa, a can damuwar raguwa ce.

## Gida ko waje

Masu goyon bayan matakin TETFund suna da hujja mai ƙarfi a wannan fanni musamman. Manhajar kyauta ce, kwamfutar cinya mai kyau ta isa yawancin aikin, darussa suna intanet. Kuɗin da zai kai mutum ɗaya Ingila zai horar da da yawa a gida. Wanda ya tafi kuma sau da yawa ƙasar Holan ko Kaliforniya zai yi wa samfuri, ya dawo, idan ya dawo, bai taɓa aiki da tsagaggen dutsen Kano ba. Akwai kuma wuraren da za a gina a kansu: sassan ilimin ƙasa da na albarkatun ruwa a Jami'ar Ahmadu Bello, da jami'o'in Bayero da Maiduguri da Usmanu Ɗanfodiyo, da cibiyar albarkatun ruwa ta ƙasa da ke Mando a Kaduna, da Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar nazarin yanayi da ruwa ta AGRHYMET a Yamai.

Masu suka na cewa ba manhaja ake zuwa nema waje ba. Ana zuwa ne don zama kusa da wanda ya yi aikin sau 20, ya duba samfurinka ya ce maka wannan iyakar da ka sa ita ke ba ka amsar da kake so. Irin waɗannan malamai kaɗan ne a gida, kuma ɗalibai sun yi musu yawa. Ana zuwa don ɗakin gwajin da zai auna shekarun ruwa ko ya gano ɗigon benzin. Manyan nazarce-nazarcen yankinmu ma da hannun waje aka yi su: USGS a kwarin Chadi da na Sakkwato a shekarun 1960, hukumar BGR ta Jamus tare da Hukumar Tafkin Chadi, hukumar makamashin nukiliya ta duniya a aikin awon ruwan Sahel.

Akwai ra'ayi na uku, wato rabi gida rabi waje: ɗalibi ya yi rajista a gida, ya yi nazarin ƙasar gida, ya je wata shida ko shekara wajen gwani ya dawo. Ya fi arha, kuma ya rage guduwa. Amma idan aka auna duka ukun da abin da ya gabata, za a ga ba inda ake karatun ne ya fi takura fannin ba. Ƙarancin awo ne. Wanda ya yi karatu a Delft ta ƙasar Holan da wanda ya yi a Zariya, idan suka zauna gina samfurin Kano, tambaya ɗaya za su yi: ina matakin ruwan shekara 20 da suka wuce, rijiyoyin burtsatse nawa ne a birnin, nawa suke zuƙa? Hukumar nazarin ruwa ta NIHSA ce ke da alhakin irin wannan awo a Najeriya, kuma rijiyoyin sa idonta ba su kai girman ƙasar ba. Matakin TETFund zai amfani fannin ne idan wani ɓangare na kuɗin da aka tsimi ya tafi ga rijiyoyin awo da ɗakunan gwaji da kuɗin fita fili. Idan bai tafi can ba, za a samu ƙarin masu digiri na uku, aikin kuma bai canza ba.

## Abin da ya shafi mai gida da manomi

Tasirin farko a aljihu yake. Unguwa ta cika da rijiyoyin burtsatse, tsofaffin rijiyoyin guga su ƙafe, mai hali ya ƙara zurfi, marar hali ya koma sayen jarka. Samfuri mai kyau na iya nuna wa hukumar ruwa yawan abin da unguwa za ta iya zuƙa, da ko rijiya ɗaya babba ta haɗin gwiwa ta fi ƙanana 30. Haka a fadama, inda famfunan sola ke yaɗuwa: da can kuɗin fetur ne ke sa manomi ya kashe inji, yanzu faɗuwar rana ce kawai ke kashe shi.

Na biyu shari'a ce. Idan rijiyar mutum ta fara warin fetur kuma akwai gidajen mai biyu a layin, kowanne zai ce na ɗayan ne. Wanda zai nuna inda ruwan ke gangarowa shi ne masanin wannan fanni, kuma kamfani na iya ɗauko nasa daga ko'ina. Talaka sai na jami'ar garinsu. Haka batun yake a Arlit da ke arewacin Nijar, inda mahaƙar yuraniyom ta Cominak ta rufe a 2021 ta bar kimanin tan miliyan 20 na tarkace mai tururin nukiliya a kan ma'ajiyar da garin ke sha.

Na uku doka ce. Ƙudirin dokar albarkatun ruwa ya sha zuwa majalisar tarayya yana komawa, kuma batun lasisin rijiyar burtsatse na cikin abin da ya tayar da ƙura. Masu goyon baya sun ce ana zuƙar ruwa ba lissafi, masu adawa sun ce gwamnatin da ba ta kawo famfo ba ba ta da bakin hana mutum haƙa a gidansa. Ba ɓangaren da ya iya ajiye alƙaluma gari-gari.

Alhali kuwa kullum ana samar da wani ɓangare na waɗannan alƙaluma ana zubarwa. Duk rijiyar da aka haƙa, mai injin ya ga inda jar ƙasa ta ƙare, inda ruɓaɓɓen dutse ya fara, mitar da aka samu ruwa, da inda ruwan ya tsaya bayan an bar shi ya huta. Ƙa'idar aikin haƙar rijiyoyi da Najeriya ta fitar a 2010 ta tanadi a riƙa rubuta irin wannan rahoto. Mai gidan da ya biya kuɗin aiki yana da haƙƙin ya nemi nasa kwafin kafin injin ya bar ƙofar gida, kuma da wannan takarda ɗalibin da zai ƙwanƙwasa masa ƙofa wata rana da igiyar awo a hannu zai cika gurbi ɗaya a samfurinsa.